Kwamfutar Yaya Babandi Ta Cije

Lafia, farkon damina

Zuwa ga ɗana Safiyullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Rahmat da jaririya, kuma sanyin Jamus ya sassauta muku. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwata da ke tuna mini shekaruna duk sanda hadari ya haɗo. Ka yi haƙuri da rubutun hannu. Na fi son in rubuta a takarda in ɗauki hotonta in turo, don a saƙon murya mutum yakan faɗi abin da bai auna ba.

Zumuncinmu da kai mai ɗan nisa ne, kakanka da mahaifinmu 'yan wa da ƙani ne. Amma tun da ka zo babbar salla ka ƙarar da hutunka wajen haɗa mana kwamfutocin ɗakin gwajin jinin Yaya Babandi, ba na ganin nisan. Shi ya sa nake jin nauyin kawo ƙarar abin da aka ba mu kyauta.

Babbar kwamfutar nan da ka ajiye a ƙaramin ɗaki, wadda ka ce mu riƙa kiranta uwa, ta fara cijewa. Fitilarta na ci, fankarta na juyawa, amma ba ta ba da fayil, ba ta karɓa. Tawa da ke wurin karɓar baƙi da ta Mwuese da ke ɗakin gwaji duk sai su tsaya cik. Yaya ya zo ya zare fulogi ya mayar, a jira ta farfaɗo, mutane na zaune a benci. Ran nan wata Bafulatana daga rugar bayan Ashige ta zo da goyo mai zazzaɓi, ta jira sakamako har motar garinsu ta tashi ta bar ta. Sai gidana ta kwana.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yaya ya lura ba ta taɓa cijewa ba sai Mwuese tana bakin aiki. Mijinta kuma, Terungwa, ya samu aiki a sabon ɗakin gwajin da aka buɗe kusa da tasha. Yaya ya ce da ni, "Raliya, wanda ya gaji da jira a nan, ina yake zuwa?" Yarinyar nan tun buɗe wurin take tare da mu, Mama take ce mini, ban taɓa kama ta da ko allura ba. Na san zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. To amma tun da ya faɗa, idona ba ya barin hannunta.

Ka faɗa mini tsakaninka da Allah: mutum zai iya tsayar da uwar daga kan kujerarsa, ba tare da ya shiga ɗakinta ba? Yaya bai san na rubuto ba.

Gwaggonka,
Raliya

*

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Mun gode da gaisuwa, Allah Ya ƙara wa gwiwa sauƙi. Rahmat na gaishe ki, 'yar jikarki kuma ta fara haƙori, duk abin da ta kama sai baki.

Amsar tambayarki ita ce zai iya, amma da wuya, kuma ba nan zan fara dubawa ba. Yana iya zama faifan ajiya ne ya fara gajiya, ko wuta, ko kuma manhajar kanta. A can cikin kwamfuta akwai abin da muke kira kanal. Shi ne kamar sarkin gida: kowane aiki sai ya nemi izininsa kafin ya taɓa fayil. Na ƙara wa naku wani ɗan sashe da na rubuta da hannuna, don kada sakamakon mutane ya lalace in an ɗauke wuta ana tsakiyar ajiyewa. Ban taɓa ganin ya yi gardama ba, amma komai sai an duba.

Abin da nake roƙo ɗaya ne: in ta sake cijewa, kada a zare fulogi. Zare shi kamar share sawun ɓarawo ne kafin masu bin sawu su iso. Ki shiga ɗakin uwar, za ki ga maɓallai uku da na ɗiga wa jan fenti. Ki danne biyun farko, ki taɓa na ukun. Rubutu zai zubo a allon, yana faɗin wane aiki ne ya tsaya, me ya riƙe, me kuma yake jira. Ki ɗauki hoto ki turo mini.

Na san hana Baffa Babandi taɓa fulogi ya fi gyaran kanal wuya, amma ke kaɗai yake jin nauyi. Kafin nan don Allah kada a ce wa Mwuese komai.

Ɗanki,
Safiyullahi

*

Lafia, ranar Laraba

Ɗana Safiyullahi,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. A shafa wa mai haƙori kai, a riƙa goge mata dasashi da tsumma mai tsabta. Mu nan ruwa ya sauka sosai, har kwatar gabanmu ta cika.

Na yi yadda ka ce. Da ta cije jiya, na riga Yaya zuwa ƙofar ƙaramin ɗakin na tsaya. Ya ce, "Ba ni hanya." Na ce, "Yaya, Safiyu ya ce a bar ta haka tukuna." Ya dube ni ya ce, "Au, har Jamus aka kai ƙarata? Shi yana can yana shan shayi, ni mutane na zagina a benci." Amma ya ja da baya. Na danna maɓallan, rubutu ya zubo fari a kan baƙi, na ɗauka. Ga hoton nan.

Akwai abin da ya kamata ka sani. Na ɗauke kwamfutata daga wurin karɓar baƙi na mayar da ita ɗakin gwaji, bayan kujerar Mwuese. Da ta shigo da safe ta gan ni, sai ta yi dariya ta ce, "Mama, fankan waje ya lalace ne? Ko kin zo koyon aikina?" Na ce zafi ne ya koro ni, alhali ana ruwa. Allah Ya yafe mini wannan.

Zaman ya yi mini amfani ta wani wajen. Ka san halina da sunaye. A garin nan Hauwa Musa sun fi a ƙirga, kuma ba na yarda in miƙa wa mutum takardar jinin wani. Ita in ta gama gwaji tana tura fayil daga jakar "A duba" zuwa jakar "An tabbatar". Ni kuma duk wanda na ga sunan bai cika ba, ko ba a sa unguwa ba, ina mayar da shi "A duba". Da can sai yamma nake yi, ko in na samu sarari. Yanzu da nake bayanta, tana turawa ina bi.

To ga abin da ya tayar mini da hankali. Tun da na dawo bayanta, cijewar ta ƙaru. Da sai a yi kwanaki, yanzu kusan kullum. Yaya ya ce ai ga shi nan, ta gane ana kallonta, ta fara nuna mana ita ma ta iya. Ni dai ina kallon yatsunta, ban ga ta yi wani abu da ba na aiki ba. Amma me na sani? In biri ya yi kama da mutum, ni ba ni da idon rarrabewa.

Ina jiranka.

Raliya

*

Gwaggo,

Gaisuwa a gurguje, ina filin jirgi, an tura mu wani gari wajen aiki. Kowa lafiya.

Hoton ya zo, amma hasken taga ya cinye rabin ƙasa, fari fat. A rabin sama, sunan Mwuese ne a kan aikin da ya tsaya, yana riƙe da makullin jaka ɗaya. Yana jiran wani makullin da ke hannun wani aikin daban, shi kuma wancan yana cikin rabin da ban gani ba. Wannan bai nuna komai ba tukuna sai cewa tana tura fayil a lokacin. In ta sake, ki rufe labule ki ɗauko mini duka.

Safiyullahi

*

Lafia, ranar Asabar

Ɗana,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa ka sauka lafiya, Ya mayar da kai ga iyalinka lafiya. Gwiwa da sauƙi.

Ta sake cijewa. Wannan karon ban yarda da waya ba. Na ja kujera na zauna gaban allon na kwafe rubutun da biro, baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mana kwafar allo muna yara: ba a ƙari, ba a ragi, ko ba ka san ma'ana ba. Yaya yana ta kai da kawo a bayana yana tsaki. Na gama na bi shi daga ƙasa zuwa sama na gyara wuri ɗaya da na sa sifili a madadin harafi. Ga shafukan nan.

Sai dai an samu matsala. Yaya ya tare ni ya ce, "Yaron nan ya amsa?" Ka san ba na iya cewa a'a a inda yake i. Ya ce in karanta masa. Ina kaiwa inda ka ce sunan Mwuese ne a kan aikin da ya tsaya, ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa." Na ce, "Yaya, da saura, ya ce wannan bai nuna komai ba." Ya ce, "Kunya ce irin ta yaran kirki. Ya ga suna, ya faɗi suna. Me kike so ya ƙara, ya turo 'yan sanda daga Jamus?"

Da ƙyar na roƙe shi ya dakata har ka duba waɗannan shafukan. Ya ce ya ji, amma haƙurinsa ba mai tsawo ba ne. Don girman Allah ka duba da wuri. Yarinyar nan ta daina yi mini dariya. Jiya ta kawo mini gyaɗa dafaffiya kamar yadda ta saba, ta ajiye a gefen teburina ta koma kujerarta. Na kasa ci, na kasa mayarwa.

Gwaggonka,
Raliya

*

Lafia, bayan sallar Juma'a

Safiyullahi,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta sa ka shiru. Mu dai jiki lafiya.

Abin da nake gudu ya faru. Ranar kasuwa benci ya cika har tsakar gida, sai ta cije. Yaya ya fito daga ofis bai ko kalli ƙaramin ɗakin ba. Ya tsaya a bakin ɗakin gwaji, a gaban mutane, ya ce, "Mwuese, tattara kayanki. Je ki taya mijinki a can, tunda aikin da kike yi ke nan tun tuni. An ga sunanki a cikin inji." Ta miƙe tana cire safar hannu ta ce, "Oga, ni? Ni ne zan kashe wurin da nake ci?" Sannan ta juyo gare ni ta ce, "Mama, kina bayana kullum. Kin ga na yi wani abu? Ki faɗa masu." Na buɗe baki, na tuna sunanta da ka gani, na rufe. Ta ɗauki jakarta ta fita. An ce ta koma wajen mahaifiyarta a Assakio.

Tun ranar uwar ba ta sake cijewa ba. Ko sau ɗaya. Yaya yana gwaji da kansa da safe, ni ina bin sunaye da yamma, komai na tafiya sumul. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa, "Kun gani? An cire ƙaya, ƙafa ta huta." Ya kamata hankalina ya kwanta, amma bai kwanta ba.

Zan faɗa maka abin da ke raina, ka yi haƙuri. Waya ta nuna mini ka buɗe shafukan tun ranar da na turo. Na kira Rahmat, ta ce ka dawo tuni, kana kulle kanka a ɗaki da kwamfuta. To me ka gani da ba ka son faɗa? Na yi tunanin ko kana kare Mwuese ne, tunda na ga kun yi musayar lamba da ka zo. Na yi tunanin ko wani abu ka bari a cikin injin da kake leƙenmu da shi daga can. Har Yaya ban bari ba: ƙanwar matarsa ta gama makarantar gwaji bana, kuma na ji an fara ambaton sunanta. Ka ga inda zuciya ta kai ni. Mutum ya fara da zargin mutum ɗaya, ya wayi gari ba wanda ya tsira a idonsa.

Ko mene ne, ka faɗa. Ɗaci bai kai shiru ba.

Raliya

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ki yafe mini shirun. Da na san Baffa zai yanke hukunci da rabin magana, da na kira a ranar. Ba leƙenku nake ba, kuma rabona da magana da Mwuese tun da na baro Lafia.

Shafukanki sun fi kowane hoto. A ranar na ga aiki na biyu, wanda ke riƙe da makullin da Mwuese take jira. Sunanki ne a kansa. Na yi shiru ne don ban so in sake jefo suna kamar yadda na yi a filin jirgi, sai na tabbatar. Na haɗa irin injinku a nan, na yi ta gwadawa har ya cije a gabana, kuma yanzu ina iya sa shi ya cije duk sanda na so.

Ga yadda abin yake. Kafin kanal ya ɗauke fayil daga wata jaka zuwa wata, sai ya kulle jakunkunan biyu, don kada wani ya sa hannu ana tsakiyar aiki. Sashen da na rubuta yana fara kulle jakar da fayil zai fita, ya tsaya ya ajiye kwafi saboda ɗaukewar wuta, sannan ya nemi makullin jakar da zai shiga. In Mwuese ta tura daga "A duba" zuwa "An tabbatar", aikinta ya kama makullin "A duba". In ke a daidai lokacin kin mayar da wani daga "An tabbatar", naki ya kama makullin "An tabbatar". Kamar mata biyu a bakin rijiya: ɗaya ta riƙe guga tana jiran igiya, ɗaya ta riƙe igiya tana jiran guga. Ba mai saki, sauran masu ɗiban ruwa kuma su yi layi a bayansu har rana ta faɗi.

Shi ya sa ta ƙaru da kika koma bayanta, don kin fara mayarwa a lokacin da take turawa. Shi ya sa kuma ta daina da ta tafi: Baffa da safe, ke da yamma, hannuwanku ba sa haɗuwa.

Ke ba ki yi laifi ba, ita ma ba ta yi ba. Kowaccenku aikinta take. Kuskuren nawa ne. Doka ce da kowane ɗan koyo ya sani, cewa makullai biyu da tsari ɗaya ake ɗaukarsu kullum, ko daga wane gefe aka taho. Ban taɓa kawowa a raina wani zai riƙa mayar da fayil baya ba, sai na yi sakaci. Gyaran layi kaɗan ne, na gama shi.

Amma kada a sa gyaran tukuna. Baffa ba zai yarda da takarda ba. Ki zaunar da shi a kujerar Mwuese, ki zauna a taki. Ya zaɓi fayiloli da yawa ya tura gaba, ke ki zaɓi da yawa ki mayar baya, ku danna tare. Ya gani da idonsa. In ya gani, ki kira ni in sa gyaran daga nan.

Ki ba ni lambar Mwuese in ta canza ta, wadda nake da ita ba ta shiga.

Ɗanki,
Safiyullahi

*

Lafia, lokacin sabuwar doya

Ɗana Safiyullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Rahmat da yarinya. Ka yafe mini abin da na zata a kanka. Jiki lafiya, gyaranka kuma ya zauna, tun da ka sa shi ko tari injin bai yi ba. Na jinkirta rubutu ne don ina son in ba ka labarin a haɗe.

Ka dai san ranar da na kira ka, amma ban faɗa maka yadda aka yi ba. Yaya ya zauna yana cewa, "Wasan yara za ki sa ni da furfurata." Muka danna tare. Ba abin da ya faru, ya yi dariya. Na ce mu sake. A karo na gaba ta cije, hannunsa na kan linzamin kwamfutar. Na kai shi ƙaramin ɗaki na danna jajayen maɓallan, na nuna masa sunansa a sama, nawa a ƙasa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "To ni ma ɗan leƙen asirin tasha ne ke nan." Da yamma ya ce in je in ce mata ta dawo, zai ƙara mata albashi.

Na hau mota zuwa Assakio. Na same ta a tsakar gida ita da mahaifiyarta suna ware doya, manya gefe, masu rauni gefe. Tsohuwar ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa. Mwuese ta gaishe ni a tsaye. Na yi mata bayanin guga da igiya yadda na iya, na ce Oga ya ce ta dawo.

Ta ce, "Oga ya aiko ki a ɓoye?"

Na ce ba a ɓoye ba ne, ga ni da rana tsaka.

Ta ce, "Mama, ranar da ya kore ni, mutum nawa ne a benci? Mai shinkafa na layinmu yana wurin. Matar fasto yana wurin. Terungwa ma, ogansa ya kira shi ya ce, in matarka ya iya lalata injin wani, kai fa? Yanzu sun sa ido a kansa. Ni an zage ni a kasuwa, za a ba ni haƙuri a bayan gida?"

Na ce me take so. Ta ce a faɗa a inda aka faɗa, ranar kasuwa, ita ma tana tsaye. Sannan ta ce, "Kuma ba Oga ne ya fi yi mini ciwo ba. Shi dama haka yake, wuta ne. Ke na tambaya." Mahaifiyarta ta yi mata magana da yarensu na Tibi, da alama tsawatarwa ce. Na ce a bar ta, gaskiyarta ce.

Da na gaya wa Yaya, ya ce shi ba zai tsaya gaban masu fitsari a kwalba ya ƙaryata kansa ba, albashi dai ya ƙara. Na yi ta bi da lallashi, ya ƙi. Na aika wa Mwuese ta zo ranar kasuwa.

Ta zo da kayan coci, ta tsaya a bakin ƙofa. Benci ya cika. Ka san muryata, ko a aji malam yakan ce in ɗaga. Na fito tsakiya na yi sallama, ba wanda ya ji, sai da wani dattijo ya buga sandarsa a ƙasa. Na ce, "Jama'a, kwanakin baya an ce wannan yarinya tana lalata mana inji. Ba gaskiya ba ne. Injin ne ke da aibi, kuma hannuna ne ke tayar da shi ban sani ba. Ta nemi shaidata a gabanku na yi shiru, alhali ban taɓa ganin ta yi komai ba. Wanda ya kai waccan maganar wani wuri, don Allah ya kai wannan ma." Na maimaita, don na baya su ji. Wata mata ta ce, "Ai ni na kai ta har Obi." Aka yi dariya. Na ce to ta koma Obi da wannan.

Ƙofar ofis ta buɗe. Yaya ya leƙo, ya tsaya riƙe da marfin. Na zaci faɗa zai yi. Ya ce, "Abin da ta faɗa haka ne. Ni ma ya cije a hannuna." Ya dubi Mwuese ya ce, "Kujerarki na nan." Ya koma ya rufe.

Ta ƙaraso ta durƙusa ta gaishe ni, ta je ta ƙwanƙwasa ta gaida shi. Na bi ta waje ina cewa Litinin za ta dawo aiki ke nan. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "A'a, Mama. Na samu wuri a wani asibiti a Obi, kuɗinsa bai kai na nan ba. Suna na zo karɓa, ba aiki ba." Na ce ko don ni. Ta ce, "Na yafe. Amma in na zauna a wannan kujera, zan riƙa jin mutum a bayana ko babu kowa." Ta tare mai babur ta hau.

Ta yarda in ba ka sabuwar lambarta, tana bayan wannan takarda, na ɗauki hoton bayan ma. Ta ce kana iya kira, ba ta ce za ta ɗauka ba. Ka kira duk da haka, in ba ta ɗauka ba ka sake.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya tsare mana harsunanmu, da abin da suka faɗa da abin da suka ƙi faɗa.

Gwaggonka,
Raliya